Babi na Biyar: Kwana Bakwai Kafin Suna

Duk wanda ya zauna a garuruwan kwarin Rima, daga Wurno har Goronyo, ko ya ratsa ƙasar Raba, ya san cewa idan mace ta sauka, ko da yake akan cika gida da barka, a hura wutar ruwan wanka, a dama kunun kanwa, zukatan tsofaffin gidan ba su cika kwanciya ba sai ranar da aka yanka rago aka raɗa suna, domin sun daɗe suna ganin jariran da suka zo duniya da hantsi suka koma tun ba a kai ga sayen goro ba. A Taloka ta ƙasar Goronyo, da ƙauyukan da ke kewaye da ita, jaririn da ya rasu cikin waɗannan kwanaki galibi ba ya shiga littafin kowa: ba a kai shi asibiti ba, ba a yi masa takardar haihuwa ba, maza kaɗan ne suka raka shi makwanci, aka dawo aka ce wa uwar ta yi haƙuri, Allah ya sa mai ceto ne. Mas'alar da wannan babi zai duba ita ce, ko akwai hanyar da za a gane tun da sauran lokaci wane jariri ne mutuwa ta fi yi wa barazana, kuma idan akwai, a hannun wa ya kamata wannan sani ya kasance.

Girman al'amarin ya isa a tsaya a kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa jarirai kimanin miliyan 2.3 ne suka rasu a shekarar 2022 kafin su cika kwana 28, kuma wajen kashi uku cikin huɗu na irin wannan mutuwa cikin makon farko take aukuwa, mafi muninta a yinin farko. Binciken lafiyar al'umma da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa cikin kowane jarirai 1,000 da aka haifa da rai, 39 ba su ganin ƙarshen watan farko, alhali kuwa alkawarin da ƙasashen duniya suka ɗauka shi ne a rage wannan adadi zuwa 12 kafin 2030. Wannan binciken dai ya nuna cewa a Jihar Sakkwato matan da ke haihuwa a asibiti ba su kai ɗaya cikin goma ba. Abubuwan da ke kashe jariran kuwa sanannu ne, ba su da yawa: haihuwa kafin cikar watanni, maƙalewar numfashi a lokacin naƙuda, da ƙwayoyin cuta da ke shiga jini, sau da yawa ta kafar cibi.

Kafin a ci gaba wajibi ne a kawar da wata shubuha, domin na sha jin ta a bakin mutanen kirki, masu cewa ajali gaibu ne, wanda duk ya ce zai faɗi jaririn da zai mutu ya shiga hurumin da ba nasa ba. Gaskiya ne babu mai sanin ajali sai wanda ya yanke shi, kuma babu likitan da ya san aikinsa da zai nuna jariri ya ce wannan ba zai kwana ba. Abin da ake magana a kai shi ne galabar zato da ake ginawa a kan alamu, kuma malaman fiƙihunmu sun riga likitoci yin hukunci da ita. A mazhabar Imamu Malik, mace mai ciki idan ta cika wata shida akan ɗauke ta tamkar mai ciwon da ake jin tsoronsa, har a taƙaita mata kyautar da za ta yi daga dukiyarta ga sulusi, ba don an san za ta mutu ba, sai don an lura da cewa mutuwa ta yawaita a wannan hali. Haka kuma duk almajirin da ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaid ya wuce ta wurin da aka rataya sallar gawa da gado ga jariri a kan kukan da ya yi bayan fitowarsa. Mutanen da suka gaji irin wannan ilmi, waɗanda kuma kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake tsakiyarsu a Wurno, shi da ya wallafa littattafai a kan ɗibbu har da maganin ido da na basur, bai kamata a ce duban alamun ciwo a jikin jariri ya zame musu baƙon abu ba.

To, me binciken zamani ya gano? A 2019 wasu masana suka tattara bayanan haihuwa kusan 50,000 daga ƙauyuka da birane a Indiya da Nefal da Bangaladash, inda talauci da haihuwar gida suka yi kama da namu, suka tambayi lissafi ko zai iya rarrabe jaririn da zai rayu da wanda zai rasu, a matakai uku: farkon ciki, farkon naƙuda, da bayan haihuwa. A shekarar da ta biyo wasu kuma suka yi irin wannan aiki da na'ura mai ƙwaƙwalwa a kan ciki fiye da 500,000 daga ƙasashen Kudancin Asiya da Afirka da Gwatemala. Sakamakon ɓangarorin biyu ya zo kusan ɗaya, kuma ya saɓa wa abin da mutum zai zata. Hausawa kan ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma a wannan mas'ala Laraba ba ta faɗin abu mai yawa: abin da aka sani game da mace a farkon cikinta, kamar shekarunta da karatunta da wadatar gidanta, ɗan haske kaɗan yake bayarwa, idan naƙuda ta kama aka san ko watanni sun cika, ko tagwaye ne, ko ɗan ya zo a gicciye, sai hasken ya ƙaru, amma hasashen bai yin ƙarfi na sosai sai jariri ya faɗo, an ga girmansa, an ga yadda ya yi numfashi cikin mintunan farko. A bincike na biyun, nauyin jariri ranar haihuwa shi ya rinjayi dukan sauran alamu.

Wannan ba ya nufin a yi watsi da alamun da ke gabatar haihuwa, domin su ne ke nuna matar da bai kamata a bari naƙuda ta same ta nesa da taimako ba. Yarinyar da ke ɗauke da cikin fari tun jikinta bai gama ƙosawa ba, da matar da ta yi kwanika, ciki ya shiga tun na goye bai yi ƙwari ba, da wadda ta haihu sau da yawa har jini ya yi mata ƙaranci, da mai kumburin ƙafa da fuska da ciwon kai mai kai wa ga jijjiga, duk waɗannan ma'aikaciyar awon ciki takan gane su a zama ɗaya. Akwai kuma matar da ake kira mai wabi, wadda ta binne 'ya'ya biyu ko uku a jere. Al'ada takan nema mata laya da rubutu, a yi wa ɗan da ta samu wani tsage ko wani suna na kau da ido, alhali lissafin likitoci ma ya yarda da tsofaffi cewa wadda ta taɓa rasa jariri ta fi sauran mata kusa da sake rasawa, sai dai shi yana neman dalilin a cikin jininta da mahaifarta da tazarar haihuwarta. Irin wannan mata ita ta fi kowa cancantar a tanadi kuɗin mota dominta tun ciki yana wata bakwai.

Amma tun da nauyi ne shugaban alamu, sai a tambaya: wa ke auna jariri a Taloka? Ma'aunin da likitoci suka tsayar shi ne, jaririn da bai kai kilo 2.5 ba ƙarami ne mai bukatar kulawa ta musamman, wanda kuma aka haifa kafin mako 37 bakwaini ne ko da ya yi kama da cikakke. A ɗakin da aka haihu cikin dare da hasken tocila babu sikeli, kuma ido yana ruɗi, musamman idon kaka mai ɗokin jika. Saboda haka ne masu bincike a kudancin Tanzaniya suka jarraba wata dabara mai sauƙi, suka kuma bayyana sakamakonta a 2010: a auna tsawon tafin ƙafar jariri daga dunduniya zuwa kan babban yatsa, in bai kai santimita 8 ba a ɗauke shi ƙarami, in bai kai 7 ba a ɗauke shi ƙarami ƙwarai. Ba ma'auni ne marar kuskure ba, yakan haɗa da wasu lafiyayyu, yakan kuma tsallake wasu. Amma ɗan kati mai zanen ƙafa biyu, wanda ungozoma za ta ɗaure a bakin zanenta, ba ya bukatar batir, ba ya bukatar karatu, kuma ƙafar jariri ba ta raguwa cikin kwanakin farko kamar yadda nauyinsa kan ragu.

Alama ta biyu ita ce halin da jariri ya fito a ciki. Tun 1953 wata likita Ba'amurkiya, Virginia Apgar, ta bayyana tsarin duban abubuwa biyar a minti na farko bayan haihuwa, wato bugun zuciya, numfashi, launin jiki, ƙarfin gaɓoɓi da yadda jariri ke amsa taɓi, ana ba kowanne maki har su taru goma. Ungozomar ƙauye ba ta bukatar makin. Abin da take bukata shi ne ta san cewa jaririn da ya fito shiru, jikinsa a saki, ba lalle matacce ba ne, kuma minti ɗaya na farko ya fi sa'a guda ta bayansa daraja. Sau da yawa hankalin duk wanda ke ɗakin yakan koma kan uwa da jiran faɗowar mabiyiya, a bar ɗan a ƙasa cikin jini da sanyi, alhali da an tsane shi da busasshen zane, an goga bayansa da ƙarfi, an share masa baki da hanci, da yawa daga cikinsu da sun tsanyara kuka. Wanda kuma ya yi kukan bayan jinkiri, ko da ya farfaɗo, ya shiga sahun waɗanda za a sa wa ido har kwana bakwai.

Sauran alamun a cikin makon suke bayyana, kuma wani babban bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a ƙasashe da dama, aka buga shi a 2008, ya taƙaita su zuwa bakwai, waɗanda ko ɗaya aka gani ya isa a tashi tsaye. Mafi saurin ganewa ita ce ƙin kama nono, musamman ga jaririn da jiya yake tsotso da kyau yau kuma ya saki. Sai jijjiga ko taune-taune. Sai kasalar da ke sa ba ya motsi sai an taɓa shi. Sai zafin jiki, da kishiyarsa wadda aka fi rainawa, wato jiki ya yi sanyi ƙalau. Sai faɗawar ƙirji can ciki a duk jan numfashi. Sai numfashin da ya kai 60 a minti ɗaya. Wannan na ƙarshe kowa na iya ƙirga shi. A jira jariri ya natsu, ba yana kuka ko tsotso ba, a yaye masa riga, a kafa ido a kan cikinsa, wani ya riƙe wayar hannu yana duban agogo, a ƙirga kowace ɗagawar ciki har minti ya cika cif, kada a ƙirga rabi a ninka, domin numfashin jariri yakan yi gudu ya tsaya ya sake gudu. In ya kai 60 a sake ƙirgawa, in ya sake kaiwa to magana ta ƙare, sai neman abin hawa. A ƙara da shawarar da ta bayyana a yinin farko ko ta sauka har tafin hannu da na ƙafa, da cibin da ya yi ja yana wari.

Duk wannan ilmi, in aka duba, bai fi a koyar da shi a zama uku ba. Wahalar tana wurin wanda zai yi aiki da shi, domin sa'o'in da alamu suka fi faɗin gaskiya su ne daidai sa'o'in da jaririn ƙauye yake bayan labule, inda ma'aikacin lafiya ba ya shiga, mahaifinsa ma kunya da al'ada sun tsayar da shi a zaure. Wani nazari da aka yi a kan binciken lafiyar al'umma na Nijeriya na 2008 ya nuna cewa kimanin haihuwa ɗaya cikin biyar a Nijeriya mace ita kaɗai take yin ta ba kowa a kanta, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na irin wannan haihuwa a Arewa take. Mu kan yaba wa matar da ta haihu ba a ji ko tarinta ba, a ce jaruma ce mai kunya, a kira ungozoma bayan an gama don ta yanke cibi ta binne mabiyiya. Ni kuwa ina ganin wannan yabo ya ci rayuka da yawa, domin matar da ta gama naƙuda ita kaɗai ba ta da ƙarfin da za ta tsane jariri, balle ta lura da numfashinsa. Bayan haka sai a yi masa wanka nan take ko da cikin hunturu ne, a matse dakashi a zubar a ce ba shi da kyau, a ɗura masa ruwa ko jiƙo kafin nono ya kawo, a gasa cibi da tsumma ko a shafa masa abin da aka saba, wanzami kuma ya zo ya cire beli. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, ga cikakken jariri mai ƙarfi, sau da yawa yakan wuce lafiya, shi ya sa ake kafa hujja da waɗanda suka rayu. Ga bakwaini kuwa ɗaya ma ya isa.

Jihar Sakkwato ta taɓa nuna cewa ana iya kai hannu bayan labulen. A 2013, zamanin Gwamna Aliyu Magatakarda Wamakko, ta zama jiha ta farko a Nijeriya da ta sayi man shafa wa cibi na kuloheksidin da ƙwayar misoforostol mai tsayar da zubar jini bayan haihuwa, ta rarraba su har cikin gidaje a mazaɓunta 244, ta hannun 'yan sa-kai na cikin gari, tare da taimakon wani shiri mai suna TSHIP da goyon bayan sarakuna da malamai. Rahoton da aka buga a 2015 ya ƙirga jarirai 36,404 da aka shafa wa man. Abin lura a nan shi ne ba a jira mata su zo asibiti ba, an amince cewa a gida za su haihu, aka bi su can da abin da zai amfane su. Hanyar da ta kai man cibi ɗaki ita ce za ta iya kai katin awon ƙafa da ma'aunin zafin jiki.

Sai dai hasashen da ba a bi shi da aiki ba ƙarin baƙin ciki ne kawai, kuma a nan ne mai gaskiya zai sassauta murya. A ce ungozoma ta gane, ta fito zaure ta ce wa maigida, "Malam, yaron nan ba ya kama nono, jikinsa kuma ya yi sanyi, a kai shi Goronyo." Amsar da aka fi ji ita ce, "To Inna, a bari gari ya waye mu gani," kuma ba koyaushe rashin kula ke sa shi faɗin haka ba. Albasa ba ta shiga kasuwa ba tukuna, kuɗin mashin babu. Mai jego ba ta fita kafin suna. Da damina fadama takan cika ta yanke hanya, waɗanda suka ga ambaliyar 2010 kuwa sun san iyakar abin da Rima ke iya yi. Ga shi kuma shekarun nan 'yan bindiga sun mai da tafiyar dare a gabashin Sakkwato kasada, tun ma kafin harin da suka kai kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi shekaru tana kula da mata da ƙananan yara a Goronyo, daga baya ta rufe aikin. Idan ciwon ya fi ƙarfin babban asibitin Goronyo, sai birnin Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru, tafiyar da bakwaini mai sanyin jiki ba kullum yake kai ƙarshenta ba.

Abin da ke hana yanke ƙauna shi ne an riga an jarraba magani a wuraren da asibiti ya yi nisa. A gundumar Gadciroli ta Indiya, likitoci biyu mata da miji, Abhay Bang da Rani Bang, sun koya wa matan ƙauye ziyartar masu jego gida-gida, su auna jariri, su ɗumama shi, su gane alamun cutar jini su ba da magani, kuma rahotonsu na 1999 ya nuna mutuwar jarirai ta ragu da kashi 62 cikin ɗari a ƙauyukan da aka yi aikin. Kusa da mu kuma, Zariya tana cikin wuraren da aka yi gwajin da aka buga a 2015, tare da Ibadan da Ile-Ife da wasu wurare a Kenya da Kwango, wanda ya tabbatar da cewa jaririn da ya nuna alamun cuta, iyayensa kuma suka kasa kai shi babban asibiti, ana iya yi masa allurar jentamaisin da ba shi amoksisilin ta baki a ƙaramin asibiti na kusa. A shekarar ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da wannan ƙa'ida. Bakwaini kuwa, tun 1978 likitocin Bogota ta ƙasar Kolombiya, da kwalaben ɗumama jarirai suka yi musu ƙaranci, suka fara ɗaure shi tsirara a ƙirjin uwarsa, fata na taɓa fata, dare da rana, yana shan ɗuminta da nononta. Matan da suka ƙware da goyo tun suna 'yan mata ba za su sha wuyar koyon wannan ba, juyo da goyon gaba ne kawai, kuma kaka ko kishiya ko uba ma na iya karɓa in uwar za ta yi wanka.

Ana yawan magana yanzu a kan manhajojin waya da za a zuba wa bayanan mace su fitar da makin haɗarinta. Ban raina su ba, amma manhaja abin da aka ba ta take tauna, kuma garin da ba a auna jariransa ba, ba a rubuta waɗanda suka rasu ba, ba shi da abin da zai ba ta. Lissafin da aka gina a kan ƙauyukan Nefal kuwa sai an gwada shi da namu kafin a san ko ya dace da mu. Don haka kirana ga hukumomin lafiya na ƙananan hukumomin Goronyo da Wurno da Raba, da hakimai da masu unguwanni da limamai, shi ne kowace unguwa ta samu mace ɗaya amintacciya, wadda za a sanar da ita da zarar naƙuda ta kama, mai riƙe da sikeli ko katin ƙafa da ma'aunin zafi da man cibi, ta ga jariri a yinin farko, ta koma a rana ta uku, ta sake komawa kafin suna. Mai unguwa ya ajiye littafin da za a rubuta kowace haihuwa da kowace rasuwa, har da ta wanda bai kai ga suna ba. Jama'ar gari kuma su ware wani abu daga zakkar amfanin gona ko asusun masallaci domin kuɗin motar dare. Kai kuma maigida mai karanta wannan babi, idan iyalinka na da ciki, ka ba da izinin fita tun yanzu a gaban mahaifiyarka da ungozoma, domin kada a tsaya nemanka a gona ko kasuwa ranar da jariri ya ƙi nono.